Wayar da Ba Ta Ɗaukar Wuta

Da ƙarfe goma da rabi na safiyar Talata, lokacin da injuna suka yi shiru don ma'aikata su ci fatur, wato karin kumallo, Ummusalama ta tsaya gaban ma'aunin riɗi ta harɗe hannuwa, tana harara shashar da ke nuna nauyi kamar wadda ta ga abokiyar gaba. Babu komai a kan ma'aunin, shashar kuma ta nuna sifili ta tsaya cik, kamar ba ita ba. Ta miƙa hannu ta kunna babban injin da ke kaɗa rariya. Kafin ƙararsa ta gama cika rumfar, lambobin suka kama rawa, rabin kilo, kilo ɗaya, ƙasa da sifili, sama da shi, alhali ko ƙwayar riɗi ɗaya ba ta faɗa kan farantin ba. Ta kashe, sifili ya dawo. Ta sake kunnawa, rawa ta dawo.

"To ga shi dai ƙiri-ƙiri," ta ce, ita kaɗai. Ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka don haushi.

Wata takwas ke nan da ta kama aiki a masana'antar tace riɗi ta Hajj Faisal da ke gefen Gadarif, bayan ta gamo karatun injiniya a Madani. Tana son wurin fiye da yadda take yarda ta faɗa. Tana son ƙamshin riɗi sabon yanka, da yadda hasken rana ke ratso hujojin kwano ya tsaya cikin ƙura kamar igiyoyin zinariya, da jerin manyan motocin garuruwan Simsim da Doka da ke kwana a bakin ƙofa. Amma mako uku ke nan, tun da aka ɗaura wa babban injin sabuwar infata, akwatin da ke rage masa gudu ko ya ƙara, ma'aunin ya haukace. Kilo hamsin ya kamata kowane buhu ya zama, sai wani ya fito arba'in da tara, wani hamsin da ɗaya. Jiya kuma mai saye ya bugo waya daga Bur Sudan yana zage-zage a kan buhunan da suka gaza. Na waɗanda suka yi rara bai ce uffan ba.

Ta haura bene ta sami Hajj Faisal a ofis, carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Da Larabci suka yi maganar, kamar kullum.

"Ya Hajj, minti biyar nake roƙo. Ka sauko ka ga abin da idonka."

"Na ga abin da zan gani, ya bashmuhandisa, babbar injiniya. Inji sabo ne fil, daga China, da ƙyar na samo dalar da na saye shi a wannan zamani na takunkumi. Inji ba ya ƙarya. Mutum ke ƙarya. Waye ke zaune gaban ma'auni yana danna maɓalli?"

"Baba Cindo. Amma ko ba ya wurin haka take yi. Yanzu na gwada."

"Ya riga ya taɓa mata wani abu a ciki, shi ya sa. Kilo ɗaya a buhu, buhu ɗari takwas a rana. Ina riɗin yake tafiya? Alhamis ce ranarsa ta ƙarshe."

"Hayaniyar lantarki ce, ya Hajj. Infatar tana yanka wuta tana haɗawa sau dubbai cikin ƙiftawar ido, hakan yana watsa wata hayaniya da kunne ba ya ji. Wayar ma'auni kuwa raɗa take ɗauka, ɗan abu ƙanƙani. Idan ba a yi mata ardi yadda ya kamata ba, wato ba a buɗe wa hayaniyar hanyar da za ta bi ta sauka ƙasa ba, sai ta shiga cikin raɗar. Ka tsayar mini da layin awa biyu kawai."

Ya ajiye carbin ya dube ta da murmushin da ta fi tsana, irin wanda ake yi wa yarinyar da ta yi kyakkyawar hadda.

"Awa biyu, ana tsakiyar kaka, mota ashirin na jira? Saboda hayaniyar da kunne ba ya ji? Usta Kassim ne ya haɗa wayoyin nan da hannunsa, mutumin da ya sa wa rabin kasuwar Gadarif wuta tun ba a haife ki ba. In shi ya ce akwai matsala, zan saurara. Yalla, gyara mayafinki, baƙi na zuwa."

Ta sauko benen fuskarta na zafi.

A inuwar bangon sito ta sami Baba Cindo, ya keɓe da ɗan kwanonsa na ful, dafaffen wake, nesa da babban tiren da attala, masu dakon buhu, suka kewaye. Dattijo ne siriri, mutumin Mafaza, shekara goma sha tara yana auna riɗi a gidan nan, tun ana yi da sikelin ƙarfe mai duwatsu. Hannunsa na dama yatsa shida ne, abin da ya ba shi sunan.

"Baba Cindo!" wani daga cikin attala ya ɗaga murya, bakinsa cike da gurasa. "Biyar na Hajj, na shidan na gida, ko ba haka ba?"

Aka kwashe da dariya. Dattijon bai ɗaga kai ba.

"Jibrin, in ba ka rufe bakin nan ba zan sa ka ɗauki buhu ka hau ma'aunin, mu ga nawa hankalinka yake," in ji Ummusalama. Dariyar ta koma kan Jibrin. Ta tsuguna kusa da tsohon, suka koma Hausa.

"Sannu, Baba."

"Yawwa, 'yata. Kin je wajensa?"

"Na je."

"Ma'alesh, ba komai. Kar ki ɓata wa kanki aiki saboda ni." Ya tura kwanon gefe. "Aikin ba shi ne ya dame ni ba. Ina da 'yar gona a Mafaza, ba zan mutu da yunwa ba. Amma jiya matata Jummare ta je ɗibar ruwa, a bakin famfo ta ji ana cewa mijinta ɓarawon riɗi ne. Ni ban faɗa mata ba tukuna, a bakin mata ta ji. Shekarata sittin da uku. Da wannan sunan zan koma garinmu?"

Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo, kamar yana neman inda laifin ya maƙale. Ummusalama ta kawar da kai don kada ya ga idonta ya cika.

"Ba kai ba ne, Baba. Na rantse ba kai ba ne."

"Na sani. Ke ma kin sani. Saura mutum arba'in."

Washegari Laraba, ana tsayar da injuna don fatur ta ɗauki sukudireba ta buɗe babban akwatin sarrafawa, wanda Hajj ya hana kowa taɓawa tun da aka haɗa shi. Rabin awa kawai gare ta. Ta tattare abayarta ta durƙusa, ta haska tocila.

Aiki ne mai kyau, abin da ya fara ba ta haushi ke nan. Wayoyi a jere kamar kitso, kowace an lanƙwasa ta daidai, an ɗaure su tamau. Amma siririyar wayar ma'auni an ɗaure ta jiki da jiki da ƙatuwar wayar injin, tsawon mita goma sha biyu suna tafiya tare kamar aminai. Ta bi ta har inda ta shiga akwatin. Irin wannan waya tana zuwa ne da riga ta saƙaƙƙen ƙarfe a ƙarƙashin roba, wadda ke tare hayaniya in an manna ta da jikin akwati. An yanke rigar tas, an naɗe wurin da baƙin salatif. Wayar ardi mai launin kore da rawaya ita ma an datse ta gab da bakin roba, a wajen infata, a wajen shasha, ko'ina. Guda ɗaya tak aka bari, ita ma an ɗaure ta da noti a kan fenti mai kauri, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba.

Ta shafa wurin yankan da yatsa. Ta san wannan hannun. Tana 'yar shekara goma sha biyu, bayan rasuwar mahaifinta, amininsa Usta Kassim ya riƙa barinta ta zauna a shagonsa in ta taso makaranta. Shi ya fara ɗora mata filaya a hannu. Shi ya koya mata a zagaye roba da reza ba a ji wa jan ƙarfe ciwo ba, a aske wannan saƙar da yake kira gashi, a datse koriyar waya a jefa cikin gwangwani. Ita kanta ta datse ɗaruruwa, tana alfahari da yadda take yi daidai da nasa. A gidajen Gadarif ba wanda ke da ramin ardi, soket rami biyu ne, to me za a yi da waya ta uku? Haka kowane usta, kowane gwanin lantarki a kasuwa yake yi, haka aka koya musu.

Ta fita bayan rumfa ta nemi sandar jan ƙarfen da aka kafa a ƙasa don ardi. Baƙar ƙasar ta bushe ta tsage tun da ruwa ya ɗauke, tsagar har ƙafa za ta shige. Sandar na tsaye a tsakiyar tsaga, ta girgiza ta da yatsa biyu ta yi lilo.

Aka busa usur na komawa aiki. Ta rufe akwatin ba ta gyara komai ba.

Bayan la'asar ta hau raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa kasuwa. Shagon Usta Kassim na nan yadda ta san shi, fankoki a rataye, tsoffin injunan ban ruwa a ƙofa, shi kuma a kan benci da tabarau a ƙarshen hanci yana naɗa waya.

"A'a! Bashmuhandisa da kanta! Ku ba ta kujera, kar ta zauna kan digirinta." Ya ƙwala wa mai jabana, matar da ke dafa gahawa, kira. "Kofi biyu, nata ki cika citta, tun tana yarinya haka take so."

Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta sha kofi ɗaya. Sau uku tana buɗe baki tana fasawa. Daga ƙarshe ta faɗa masa duka, idonta a ƙasa.

Da farko dariya ya yi.

"Gashin? Ummu, gashin nan ne ya sa kika biya kuɗin raksha? Waya ce da ba ta ɗaukar wuta. Sa mata gwaji ki gani, ko ƙyaftawa ba zai yi ba. Shekara talatin da biyar ina yanke ta, gidan wa ya ƙone?"

"Fanka da firji ba su damu ba, Usta. Wannan ma'aunin raɗa yake saurare."

"Raɗa." Ya cire tabarau. "Wato a Madani aka koya miki cewa ni ban iya aiki ba."

"Ba haka na ce ba."

"Haka za a ji. Ki je ki ce wa Hajj Faisal Kassim ne ya ɓata inji, kafin magariba kasuwar nan kaf ta ji. Masu injin niƙa, masu matsar mai, masallacin da nake wa wuta. Su ce tsoho ya ruɗe, 'yar da ya raina ce ta kama shi. Wannan kike so?"

"Baba Cindo gobe za a kore shi da sunan sata."

Ya ajiye wayar da yake naɗawa. Can ya ce, "Cindo ba ya sata. Tare muka yi sallar gawar babanki."

"To ka taimake ni! Ni na yi magana har bakina ya bushe, ba wanda ya ji. Kai in ka yi tari Hajj zai tsayar da layi. Awa biyu nake nema a duniya, awa biyu!" Muryarta ta tashi har mai jabana ta waiwayo. Ta sassauta. "Don Allah, Usta."

Ya daɗe yana juya tabarau a hannu.

"Kin ce sandar na lilo?"

"Tana lilo. Amma ba ita ce babbar matsalar ba. Ko an gyara ta, in ba a haɗa..."

"Tsaya. Sanda na lilo, ƙasa ta bushe. Wannan gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne."

"Halas, shi ke nan. Zan je in ce wa Hajj ƙasa ta bushe ta saki ardi, sai an haƙa rami an zuba gawayi da gishiri an ba shi ruwa, kamar yadda muke yi wa taransifoma. Wannan aikin awa biyu ne, dole kuma a kashe wuta. Ni ina waje ina haƙa, ke kina ciki kina kitsa gashinki. Ba wanda ya yi laifi, rani ne."

"Sai kowa ya ɗauka gishiri ne ya gyara."

"To sai me?"

"Sai gobe a kawo wani injin a sake yanke wayar!"

"Ke Cindo kike so ki ceta, ko kasuwa kike so ki koya wa karatu? Zaɓi ɗaya, Ummu. Ni abin da zan iya ke nan."

Ta dube shi, furfurar gemunsa, hannayensa masu tabon ƙuna. Ta ji tana son ta fasa kofin a bango, tana kuma son ta riƙe hannun ta sumbata. Ta ce, "To."

Abin da ta yi mako uku tana roƙo, Usta Kassim ya same shi cikin minti huɗu, tsaye a bakin motar Hajj, har da dafa kafaɗa. Alhamis da ƙarfe goma aka kashe wuta. Hajj ya ce sha biyu daidai za a kunna, in ma'auni bai daidaita ba Cindo ya ɗauki butarsa ya tafi.

A bayan rumfa abin ya zama biki. Attala suka karɓi diga suna haƙa da waƙa, aka kawo buhun gawayi biyu da rabin buhun gishiri, direbobin motocin Doka suka sauko kallo, kowa na ba da shawara. Usta na tsaye bakin rami cikin farar jallabiya yana nuni da sanda.

A ciki kuwa ita kaɗai ce, da zafi. Ba ta da kayan da littafi ya ce a yi amfani da su, ba a samunsu ko a Khartum. Abin da ta tsinto a kasuwa da sassafe ke nan: maɗauran tiyo guda shida, da saƙaƙƙiyar wayar batirin babbar mota mai faɗi, da takardar gurza ƙarfe. Ta yanke ɗaurin da ya haɗa wayar ma'auni da ta injin, ɗaya bayan ɗaya, ta janye siririyar ta bi da ita ta ɗaya gefen bango. Ta feɗe robar daga baya har ta sami rigar saƙa lafiyayya. Ƙananan wayoyin saƙar suka soke ta a yatsu kamar ƙaya, ba ta tsaya ba. Ta gurje fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, ta kwantar da rigar a kai ta matse da maɗauri ta kowane gefe. Ta yi wa infata haka, ta yi wa shasha haka. Ta haɗa ƙofar akwati da jikinsa, ta haɗa duka a wuri guda, ta fitar da waya mai kauri ta tagar bango zuwa ramin Usta. Mayafinta ya zame sau ba adadi, gumi na shiga mata ido. Daga waje tana jin ana dariya ana cewa a ƙara gishiri.

Sha biyu saura minti biyar Hajj Faisal ya shigo, jama'a na biye da shi. Aka ɗauko tsoffin duwatsun sikeli, kilo hamsin cif, aka ɗora. Baba Cindo ya tsaya can baya, hannuwansa a baya, don kada a ce ya taɓa wani abu.

Aka mayar da wuta. Shasha ta nuna hamsin. Ummusalama ta yi bisimilla ta kunna babban injin.

Hamsin. Hamsin da ɗigo uku. Arba'in da tara da ɗigo takwas. Hamsin da ɗigo biyu.

Rawar ta ragu, amma tana nan.

"Halas," in ji Hajj, yana duban agogo. "Mun ɓata awa biyu. Cindo..."

"Minti goma, ya Hajj!"

"Ko ɗaya."

Ta dubi ma'aunin kamar za ta cinye shi da ido. Me ta manta? Akwati, infata, shasha, ƙofa. Sai idonta ya sauka kan ƙafafun ma'aunin kansa, huɗu, kowace na zaune a kan kaurin roba don rage girgiza. Gangar jikinsa gaba ɗaya a rataye take, ba abin da ya haɗa ta da sauran. Ta juya ta nemi idon Usta Kassim. Ba ta san ma me fuskarta ta faɗa ba.

Usta ya yi gyaran murya.

"Ya Hajj, wa ya ce a gwada yanzu? Ƙasa ba ta sha ba tukuna. Jarka huɗu muka zuba, ƙasar Gadarif ce fa, shida take ci. Jibrin! Ɗauko biyu, ka zuba a hankali, kar ka kwarara kamar mai wanke jaki. A kashe wutar nan kar ta kama yaron mutane."

Hajj ya yi tsaki, amma ya ɗaga hannu aka kashe. Jama'a suka koma bayan rumfa kallon ruwa.

Ta faɗa ƙarƙashin ma'aunin da ragowar wayar batiri. Notin ya yi tsatsa, ya ƙi. Ta danna da hannu biyu, filaya ta zame ta datse mata fata, ta ce wani abu da ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba. Ya motsa. Ta gurje, ta ɗaura, ta ja wayar zuwa akwati, ta tarar saura ɗan taƙi ta kai. Ta kwance, ta canja noti zuwa na kusa, ta sake gurzawa. Tana matse na ƙarshe ta ji takun ƙafafu suna dawowa.

Aka kunna. Injin ya ɗauki ƙara, rariya ta kama kaɗawa, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafafunsu.

Hamsin.

Usta ya ce a ƙara gudu, aka ƙara. A rage, aka rage. Hamsin. Aka sauke duwatsun, sifili. Aka mayar, hamsin.

"Allahu Akbar!" in ji wani direba. "Gishiri!"

Rumfar ta ɗauka. Hajj Faisal ya rungume Usta Kassim yana bubbuga bayansa, yana cewa tsofaffin hannu daban ne, jami'a ba ta koyar da wannan. Ya ba da umarni a riƙa zuba wa ramin jarka biyu kowace Asabar. Sannan ya juya zai fita, ya ce a kafaɗa, "Cindo, koma kan kujerarka, motoci na jira."

Shi ke nan? Ummusalama ta haƙura da ramin, ta haƙura da gishirin, ta haƙura da rungumar. Wannan kam a'a. Ta sha gabansa, hannunta naɗe cikin gefen mayafi.

"Ya Hajj, a gaban mutanen nan aka ce ya yi sata. A gabansu za a ce bai yi ba."

"Wa ya ce ya yi sata? Ni ban..."

"Ranar Talata, a ofis. Kilo ɗaya a buhu, ka ce ina riɗin yake tafiya."

Fuskar Hajj ta canja. Ta san ta wuce iyaka, ta san zai tuna mata da wannan, amma ƙafafunta sun ƙi matsawa. Usta Kassim ya sa baki a hankali, kamar mai maganar yanayi.

"Gaskiyar yarinyar ne, ya Hajj. Kalma ɗaya ce, ba ta rage komai."

Hajj ya ja carbinsa sau biyu, uku. Ya juya ga attala, ba ga Cindo ba.

"Ku ji. Baba Cindo ba shi da laifi. Ƙasa ce ta bushe. Wanda na sake ji ya kira shi da wani suna, shi zai bar gidan nan." Ya dubi Ummusalama. "Ya isa, ya bashmuhandisa? Ko akwai saura?"

"Ya isa."

Ya fita. Aka watse, kowa ya kama aikinsa, riɗi ya fara kwarara cikin buhun farko. Ta koma bayan akwatin tana tattara kayanta. Ta ji ana ta ba da labari a bakin ƙofa, wani direba na cewa shi ma in ya koma Simsim zai zuba wa injin rijiyarsu gishiri.

Baba Cindo ya leƙo, bayan ya sallami buhu na biyar. Ya tsaya yana kallonta tana naɗe yatsa da salatif.

"'Yata. Gishirin ne?"

Ta ɗaga kai. Ta duba hagu da dama.

"A'a, Baba."

"Haka na zata. Mai zuba gishiri ba ya zubar da jini." Ya gyara hularsa. "Allah ya yi miki albarka. Bari in aika gida a gaya wa Jummare, tun safe ba ta ci komai ba."

Aka ƙwala masa kira daga wajen ma'auni, buhu ya cika. Ya amsa da ƙarfi, ya juya da sauri kamar saurayi. Ummusalama ta rufe ƙofar akwatin, ta jingina goshinta da ƙarfen mai ɗumi, ta bar hawayen suka zubo son ransu.